Wa Ke Gyara Wa Marubutanmu Rubutu?

 Sharhinmu na yau na masu alƙalami ne, wato marubuta ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, musamman matasan da suka shigo fagen a 'yan shekarun nan. Haka kuma ya shafi ƙungiyoyi da hukumomin da ke shirya musu tarurrukan bita.

Duk mai bibiyar harkar adabi ya san ba a taɓa yin zamanin da ake rubutu da Hausa kamar wannan ba. Yarinya tana ɗakin mahaifiyarta a Gusau ko Maraɗi, da wayar hannu kawai, sai ta rubuta shafi goma da daddare ta saki, kafin gari ya waye ɗaruruwan mutane sun karanta suna roƙon ci gaba. Wannan abin farin ciki ne, kuma ba na cikin masu raina shi. Labari muna da shi, baiwa muna da ita, masu karatu ma ga su nan. Abin da ke damuna shi ne tsakanin hannun marubuci da idon mai karatu babu kowa. Babu wanda zai karɓi rubutun ya zauna da shi, ya ce wannan babin bai da amfani, wannan matar ba haka za ta yi magana ba, wannan kalmar ba haka ake rubuta ta ba, je ka sake. Edita nake nufi, mai gyara. A ganina rashinsa ne babban ciwon rubutun Hausa a yau, kuma yawancin bitar da ake shiryawa ba ta taɓa wannan ciwo.

Mu koma baya kaɗan, domin da can ba haka abin yake ba. A shekarar 1933 Baturen nan Rupert East, wanda ke jagorantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai 5 da har yau ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. A lokacin Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Abin da ya biyo baya shi ne inda nake so mu tsaya. A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kawo shi Zariya, ya zauna wata 6 ba shi da wani aiki sai rubutu. Aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya tace, ya mayar da abin da ya dace cikin rigar Bahaushe. Yana rubutawa, East yana karantawa, suna tattaunawa, ana sakewa. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, littafi 3, tsakanin 1937 da 1939. Na san Turawan mulki suna da tasu manufar, littattafan karatu suke nema wa makarantunsu, kuma akwai abubuwan da za a iya tuhumarsu da su. Amma ta fuskar sana'ar rubutu, a duba abin da aka yi wa wannan matashi. An sauke masa nauyin aiki don ya samu lokaci. An ajiye masa abin karantawa. Sannan aka haɗa shi da mutumin da zai karanta kowane shafi da idon gyara. Baiwar Imam tasa ce, Allah ne ya ba shi, ba wanda ya koya masa iya zance. Sai dai baiwar ta samu wanda ya tsaya a kanta. Shi kansa daga baya, da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ya zama editanta, ya shiga gyara wa wasu.

Wannan tsari ya ci gaba a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. In ka aika rubutu, akwai teburin da zai sauka, akwai mai jan biro. Ta wannan hanya So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina suka fito a 1980. A 1982 kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fito da irin su Turmin Danya na shi Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare.

Daga nan tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka koma buga littattafan jarrabawa. Marubuta ba su zauna jira ba. A Kano da Kaduna da sauran garuruwa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kai kasuwa da kansu. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Bilkisu Funtuwa sun yi abin da gwamnati ba ta iya ba, sun sa matan aure da 'yan mata da 'yan kasuwa karatu don nishaɗi. Mutane da yawa a kan littafin In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino suka ƙware da karatun boko. Masana sun yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan darajar wannan adabi, su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu, kowa da inda ya tsaya. Ni abin da na ɗauka daga wancan zamani shi ne marubutan sun gane da kansu cewa akwai giɓi, shi ya sa suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, suna duba wa juna rubutu kafin a kai maɗaba'a. Duban bai kai na ƙwararren edita ba, amma aƙalla ido biyu ko uku sun bi ta kan littafi. Yau da waya ta zo, har wannan ɗan duban ya ragu. Ana rubutawa ne ana saki da zafinsa.

To, ina bita ta shigo? Na halarci tarurrukan bita na marubuta da dama, kuma akasarinsu kamarsu ɗaya. A kama zaure a otal ko a wata makaranta. A yi awa biyu ana jiran babban baƙo. A yi jawabin maraba, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Malami ya tashi ya karanta takarda a kan jigo da salo da zubi da tsari. A ci abinci, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Mutum ya zo da labarinsa a jaka, ya koma da shi a jaka, ba wanda ya buɗe. Ba na zargin niyyar masu shiryawa, da yawansu da kuɗinsu da guminsu suke yi, kuma haɗuwar kanta tana da amfani, ana sanin juna, ana ƙulla zumunci. Sai dai ba a koyon rubutu ta haka. Wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san yadda yaro ke koyon ɗinki. Maigida ba ya tara yara ya yi musu lacca kan tarihin keke. Ƙyalle yake miƙa wa yaro ya ce ɗinka, in ya karkace ya sa shi ya warware ya sake, har hannunsa ya faɗa. Rubutu ma sana'ar hannu ce.

Bitar da za ta amfani marubuci ba ta buƙatar otal. Mutum 10 ko 12 sun isa, in sun wuce haka an koma taro. Kowa ya aiko da labarinsa mako biyu kafin ranar, a raba wa kowa na kowa, a karanta a gida da biro a hannu. Ranar zama a ɗauki labari ɗaya, mai shi ya yi shiru, sauran su faɗi abin da suka gani: ina ya kama su, ina suka gaji, ina ba su yarda ba. Shirun nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin marubuci ba zai bi littafinsa gida-gida yana bayanin abin da yake nufi ba. Abin da ke kan takarda shi ne kawai hujjarsa. Bayan an gama ya tambayi abin da bai gane ba, ya tafi ya sake rubutawa, a dawo bayan wata guda a ga abin da ya canja. In babu wannan dawowar, an yi rabin aiki ne. Kuma jagoran zaman ya zama mutumin da ya taɓa rubutu ko gyara da hannunsa, wanda zai iya faɗin gaskiya ba tare da ya wulaƙanta kowa ba. Mu Hausawa muna da kara, muna jin nauyin mu ce wa mutum aikinsa bai yi ba. Karar nan kyakkyawar ɗabi'a ce a zaman tare, amma a zaman gyaran rubutu cutarwa ce. Wanda ya ce maka “ma sha Allah, ya yi daɗi” alhali ya ga ɓaraka, bai taimake ka ba.

Bari in faɗi kaɗan daga abin da mai gyara na gaskiya zai faɗa wa yawancin matasanmu, domin kurakuran suna maimaita kansu.

Na farko yana shafin farko. Labarai da yawa suna buɗewa da jaruma ta farka daga barci, ta yi salla, ta shiga wanka, ta tsaya gaban madubi, sai a ɗauki shafi biyu ana zayyana gidan da motocin da ke harabarsa. Mai karatu bai san dalilin da zai damu da ita ba tukuna. Fara daga inda matsala ta taso. In ka ce, “Ranar da aka kawo lefen Hindatu, a ranar mahaifinta ya ce ya fasa,” ka riga ka kama mutum, zai bi ka don ya ji dalili. Gidan da motocin za su shigo daga baya in ana buƙatarsu, sau da yawa ma za ka ga ba a buƙatarsu.

Sai siffanta mutane. Jarumarmu kullum fara ce, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. Jarumi kullum ɗan mai kuɗi ne, miskili, ya yi karatu a waje. In ka karanta goma sai su haɗe maka su zama mutum ɗaya. Hali ake tunawa, ba hanci ba. Ka nuna mini matar da sai ta ƙirga yankan naman da ke tukunya kafin ta fita unguwa, na san ta, na san irin zaman da ake yi a gidan, ba sai ka ce mini marowaciya ce ba. Ka nuna mini dattijon da ke cire hularsa ya shafa kai duk lokacin da za a tambaye shi kuɗin makaranta. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ba a samunsu a fim ko a littafin wani. A gidan biki ake samunsu, da layin asibiti, da cikin motar haya, da bakin famfo. Marubuci mai yawan kallo ne, mai yawan saurare.

Wannan ya kawo mu kan zance tsakanin taurari, inda a ganina aka fi yin asara. Hausa tana da arzikin da harsuna da yawa ba su da shi wajen nuna matsayin mutum ta bakinsa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Matar da ta tashi a gidan gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam ko baban wane. Suruki ba ya zama ya baje a gaban surukarsa yana zuba. Tsohuwa a ƙauyen Sakkwato ba ta magana irin ta ɗan kasuwar Kantin Kwari, shi kuma ba ya magana irin ta ɗalibar jami'a. Amma sai ka buɗe littafi ka tarar kowa bakinsa ɗaya, kuma bakin na fassarar finafinan Indiya ne. Saurayi yana jero kalaman da ba wani Bahaushe da ya taɓa furtawa a zaure. 'Ya tana faɗa wa mahaifinta abin da ke ranta dalla-dalla, ido cikin ido. A rayuwarmu abin da ba a faɗa ba ya fi abin da aka faɗa nauyi. Yarinyar da aka tambaya ko tana son wane, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta riga ta ba da amsa, kuma marubucin kirki ya san ko wace amsa ce. Haka nan gaisuwa. Gaskiya ne muna doguwar gaisuwa, amma ba dole ka rubuta ta duka ba tun daga ina kwana har ina gajiya, sai in akwai abin da ke ɓoye a cikinta, kamar kishiyoyi biyu da ke gaisawa alhali kowace ta san abin da ke cikin 'yar'uwarta.

Akwai kuma bincike. Marubuci zai kai taurarinsa kotu bai taɓa shiga kotu ba, sai ya haɗa tsarin kotun shari'ar Musulunci da na babbar kotu wuri guda. Zai kwantar da jaruma a asibiti, likita ya faɗi abin da ba likitan da zai faɗa. Na ga labarin da aka ɗaura wa mace aure wata biyu bayan rasuwar mijinta, ba tare da wani bayani ba, alhali kowa ya san takaba wata 4 ce da kwana 10, sai ga mai ciki da haihuwa ke sauke mata. Irin wannan kuskure ɗaya ya isa mai karatu ya daina yarda da kai har ƙarshen littafi. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne. Kotuna a buɗe suke, je ka zauna a benci na baya ka saurara. Nemi ma'aikaciyar jinya ka tambaye ta. Rabon gado da idda da saki, je wurin malami. Mutane suna jin daɗi a tambaye su sana'arsu.

Game da wa'azi a cikin labari, na san muna son rubutunmu ya gyara tarbiyya, kuma niyya ce mai kyau. Amma in labarin ya nuna sakamakon zalunci, ba sai ka tsayar da shi ka hau mumbari na shafi uku ba. Mai karatu yana da hankali, ya gani.

Sai tsawo. Tun da aka fara sayar da labari shafi-shafi a waya, jan labari ya zama riba, sai ka ga abin da zai ƙare a babi 20 an kai shi 90. A nan gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta yi wa mata marubuta babban amfani tun da aka fara ta a 2016, lokacin da Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira. Ƙa'idarta ta kalma 1,000 zuwa 1,500 ta tilasta wa mai rubutu ta zaɓi abin da ya zama dole, ta zubar da saura. Wadda ta saba da shafi ɗari ta ga ashe za a iya sa mutum hawaye a shafi huɗu. Gasar ta kuma nuna cewa fagen ya wuce iyakar Nijeriya, domin a 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ce ta lashe da Garar Biki. Shawarata ga kowane sabon marubuci, namiji ko mace, ya fara da gajeren labari ko da ba gasa zai shiga ba. In ka gama, ajiye shi mako biyu, ka dawo ka cire kashi ɗaya cikin huɗu. Za ka ji zafi, amma za ka ga labarin ya miƙe.

Ƙa'idojin rubutu kuwa, abin kunya ne a ce har yau muna fama da su. An kafa Hukumar Harshen Hausa tun 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da Nijar. Aikin an gama shi tun kafin a haifi yawancin masu rubutu a yau. Amma har yanzu ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba waɗanda ya kamata a haɗe, ana watsi da haruffa masu lanƙwasa, har mai karatu ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa, ɓata ko bata. Yawancin wayoyin yanzu suna karɓar allon rubutun Hausa, saukar da shi ba ya cin minti biyar. Alƙalan gasa suna ajiye labarai masu kyau saboda wannan sakaci, kuma suna da gaskiya.

Ni da aikina ya haɗa ni da makirufo, akwai gwajin da na fi yarda da shi: karanta rubutunka da ƙarfi. Rufe ɗaki ka karanta kamar kana karanta wa mutane. Duk inda numfashinka ya yanke kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi tsawo. Duk inda harshenka ya sarƙe, akwai matsala a wurin. Duk inda ka ji kunyar furta abin da ka sa a bakin tauraro, to shi ma ba zai furta ba. Hausa harshen baka ce tun kafin ta zama ta takarda, kunne ya fi ido saurin kama ƙarya a cikinta. Mawaƙanmu sun daɗe da sanin haka. Ƙungiyoyi irin su Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu a kan rerawa a gaban juna suka ginu, inda karyewar kari ko gurguwar ƙafiya ba ta ɓuya.

To kayan aiki fa? Suna nan, kuma yawancinsu ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Akwai Ƙamusun Hausa da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Akwai tsohon ƙamusun Bargery na 1934, ana samunsa a intanet, cike yake da kalmomin noma da kiwo da saƙa da sarauta waɗanda bakinmu ya fara mantawa. Wanda ke son sanin inda aka fito ya nemi Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. Mai sha'awar waƙa ya nemi rubuce-rubucen Abdulƙadir Ɗangambo. Sama da duka, a karanta ƙagaggun littattafan kansu, na da da na yanzu, karatun mai koyon sana'a. Karanta Shaihu Umar ka ga yadda aka ɗauki doguwar rayuwa aka sa a ɗan ƙaramin littafi. Karanta Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat ka ga yadda ake shiga cikin gidan Bahaushe a fito da abin da ke ciki ba tare da ƙawa ba. Wannan littafi an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, kuma abin da ya kai shi can shi ne gaskiyar da ke cikinsa. Marubucin da ba ya karanta komai sai rubutun abokansa na waya, a nan zai tsaya.

Wuraren haɗuwa ma akwai. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma reshen Kano ya daɗe yana zaman karatu na Hausa. Akwai bikin littattafai da fasaha na Hausa, HIBAF, da aka fara a Kaduna a 2021. Akwai sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da sauransu. A nan ina da ƙorafi ga malamanmu na jami'a, cikin girmamawa. Kowace shekara ana yaye ɗaruruwan ɗalibai da suka iya feɗe littafi bayan ya fito. Nawa ne aka koya wa gyara shi kafin ya fito? Aikin edita sana'a ce mai zaman kanta, ana koyar da ita, ana cin abinci da ita a wasu ƙasashe. Da za a buɗe kwas na gyaran rubutu da aikin ɗab'i da Hausa, da an rage zaman banza, an kuma ɗaga darajar littattafanmu a lokaci guda.

Su ma marubuta sai sun yarda gyara aiki ne da ake biya. Mutum zai kashe kuɗi a kan hoton bango da tallar littafi, amma in aka ce ya biya mai gyara sai ya ga asara ce, ya miƙa wa aboki ya duba masa a kyauta cikin dare ɗaya. Wanda zai zauna mako biyu a kan rubutunka yana da iyali. In ba ka da hali, ku yi musaya, ka duba nasa ya duba naka, amma ku yi da gaske. Kuma in an gyara maka, kada ka yi fushi. Ba dole ka karɓi kowace shawara ba, littafinka ne, sunanka ne a bango. Sai dai in mutum uku sun tsaya a wuri ɗaya sun ce ba su gane ba, to laifin ba nasu ba ne.

Kirana na ƙarshe ga masu hali da gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin da ke ware kuɗi don bitar marubuta. Kuɗin da ake kashewa a yinin otal guda zai iya ɗaukar nauyin matasa biyar su zauna wata uku da ƙwararren mai gyara, kowannensu ya fito da littafin da za a sa a manhaja. Abin da aka yi wa Abubakar Imam ke nan a 1936, kuma ba wani abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Ku kuma 'yan'uwana marubuta, ba sai kun jira kowa ba. Ku nemi junanku a unguwa ko a makaranta, mutum biyar ma sun isa, ku sa rana a wata, ku riƙa karanta wa juna kuna faɗa wa juna gaskiya. Ke da ke da labari a waya kina shirin sakinsa yau da daddare, ki dakata, ki ba wani mai idon gyara ya karanta tukuna.